Rumbun binciken jami'a a intanet: wa ke da haƙƙi, kuma yaya ake tafiyar da aikin?

Kowace shekara ɗalibai a jami'o'in Yamai da Ngaundare da Marwa da Injamena da Paraku suna kare kundayen kammala karatunsu a gaban alƙalai. Idan aka gama tafi da ɗaukar hotuna, sai a ɗaure kofi kaɗan a kai sashe ko laburare. Daga nan kuma sai ƙura da gara da yoyon damina. Bayan 'yan shekaru wani ɗalibi a ƙasar da ke maƙwabtaka zai sake yin irin aikin tun daga tushe, don bai san an riga an yi ba. Wani kuma zai samu kofi ya kwafe ya sa sunansa, tunda babu hanyar gano shi.

Maganin da jami'o'in duniya suka samar shi ne rumbun bincike na intanet. Sai dai kafa rumbun ya fi cika shi sauƙi, kuma abu biyu ne suka fi kawo cikas: haƙƙin mallaka, da rashin tsayayyen tsarin aiki.

Mene ne rumbun bincike?

Ma'ajiya ce a intanet da jami'a ko cibiyar bincike ke tanada don adana abin da malamanta da ɗalibanta suka rubuta: maƙalun mujallu, kundayen digirin dokta, kundayen mastar da ɗalibai ke kira memuwar, takardun taruka, wani lokaci har da alƙaluma da sautin da aka naɗa a fagen bincike. Abin da ya raba shi da shafin jami'a na yau da kullum shi ne kowane aiki yana da katin bayaninsa, yana da adireshi na dindindin, kuma an tsara shi yadda injunan nema za su iya gano shi.

Manhajoji biyu ne suka buɗe wannan hanya. EPrints ta fito daga jami'ar Southampton ta Ingila a 2000, sai DSpace da cibiyar MIT ta Amurka ta fitar tare da kamfanin HP a 2002. Dukkansu kyauta ne. A Faransa, hukumar bincike ta CNRS ta buɗe rumbun HAL a 2001, wanda jami'o'in ƙasar da dama ke da ƙofarsu a cikinsa. A Fabrairun 2002 aka fitar da sanarwar Budapest, wadda ta yi kira da a bar sakamakon bincike a buɗe ga kowa ba tare da biya ba, sannan a Nuwamban 2021 ƙasashen UNESCO suka amince da shawara kan buɗaɗɗen ilimin kimiyya.

A yankinmu akwai hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma hedikwatarta ke Wagadugu. Kwamitocinta ne ke duba ayyukan malaman jami'a don ƙarin girma a ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci, kuma tana da nata rumbun mai suna DICAMES.

Asalin haƙƙin na marubuci ne

Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka shiga, ta tanadi cewa haƙƙin mallaka yana tabbata da zarar an samar da aikin. Ba sai an yi rajista ko an buga hatimi ba. Mafi ƙarancin wa'adin kariya shi ne tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 50, wasu ƙasashe kamar Najeriya da Gana da Faransa kuma sun kai shi shekara 70.

Nijar da Kamaru da Chadi da Benin da Togo da Burkina Faso na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Rataye na bakwai na yarjejeniyar ya shafi ayyukan adabi da fasaha. Kowace ƙasa kuma tana da dokarta, kamar ta Kamaru ta 2000 da ta Nijar ta 2010.

Waɗannan dokoki sun bi tsarin Faransa wajen raba haƙƙin gida biyu. Na farko shi ne haƙƙin mutunci: a ambaci sunan marubuci, kuma kada a gurɓata masa aiki. Wannan ba a sayar da shi. Na biyu shi ne haƙƙin amfana, wato ikon kwafa da bugawa da rarrabawa da fassarawa. Wannan ana iya miƙa shi ga wani ta hanyar yarjejeniya, kuma a kansa ne duk rigimar rumbu take.

Kundin ɗalibi a ƙa'ida nasa ne. Malamin da ya duba aikin bai zama mai shi ba don ya ba da shawara, jami'a ma ba ta mallake shi ba don a harabarta aka yi. Tana iya wajabta a ajiye kofi, amma baza cikakken rubutun a intanet yana buƙatar izinin mai shi a rubuce. Haka abin yake a Faransa: dokar ma'aikatar ilimi ta 25 ga Mayu 2016 ta wajabta ajiye kundin dokta ta hanyar kwamfuta, amma buɗe shi ga duniya sai da amincewar marubucin.

Maƙala ɗaya, siga uku

Kuskuren da malamai suka fi yi shi ne ɗauka cewa maƙalar da suka rubuta tasu ce har abada. Yawancin manyan mujallu sukan aiko da takardar miƙa haƙƙi bayan sun amince da maƙala, marubuci kuma cikin murna ya sa hannu bai karanta ba. Daga ranar, ikon rarraba maƙalar ya koma hannun kamfanin da ke buga mujallar.

Don haka ma'aikatan rumbu ke rarrabe siga uku. Ta farko ita ce wadda marubuci ya aika wa mujalla kafin masana su tantance. Ta biyu ita ce wadda aka amince da ita bayan ya yi duk gyare-gyaren da aka nema, amma ba a riga an tsara ta da tambarin mujalla da lambobin shafi ba. Ta uku ita ce bugaggiya, wadda ke shafin kamfanin.

Mujallun da ake biya kafin a karanta galibi ba sa yarda a saka siga ta uku a rumbu. Da yawansu suna yarda da ta biyu, wani lokaci bayan wa'adin wata 6 ko 12 ko 24. Abin takaici, wannan sigar ce marubuta suka fi zubarwa da zarar maƙala ta fito. Duk mai bincike ya kamata ya adana ta tare da saƙon da mujalla ta aiko na amincewa, da kofin yarjejeniyar da ya sa wa hannu.

Ana iya duba sharuɗɗan kowace mujalla a ma'ajiyar da aka daɗe da sani da Sherpa Romeo, wadda hukumar Jisc ta Birtaniya ta mayar Open Policy Finder. Ga mujallun Faransanci akwai Mir@bel. Amma idan bayaninsu ya saɓa da takardar da marubuci ya sa wa hannu, takardar ce hujja.

Saka maƙala a rumbu ba ya cin ko sisi, saɓanin biyan mujalla don ta buɗe maƙalar a shafinta. Wannan kuɗin kan kai dubban yuro a wasu manyan mujallu, kuma yuro 2,000 kaɗai ya haura sefa miliyan 1.3.

Yadda Faransa ta ɗaure wa marubuta gindi

A ranar 7 ga Oktoba 2016 Faransa ta kafa dokar da ta shafi harkokin zamanin intanet, kuma sashe na 30 ya ba masu bincike wani iko. Idan aƙalla rabin kuɗin binciken ya fito daga gwamnati ko Tarayyar Turai, kuma an buga maƙalar a mujallar da ke fitowa aƙalla sau ɗaya a shekara, marubuci yana da ikon sakin sigar da aka amince da ita kyauta a intanet. Wa'adin jira ba zai wuce wata 6 ba ga kimiyya da fasaha da likitanci, da wata 12 ga ilimin ɗan Adam da zamantakewa. Ana buƙatar yardar abokan rubutu, kuma ba a yarda a yi kasuwanci da ita ba. Duk sharaɗin yarjejeniya da ya saɓa wa wannan, doka ta ɗauke shi kamar ba a rubuta ba. Beljiyam ta yi makamanciyar dokar a 2018.

Inda babu irin wannan doka, yarjejeniya ce ke aiki. Shi ya sa wasu jami'o'i suke riga kamfanoni. A 2008 malaman wata tsangaya ta jami'ar Harvard suka amince kowannensu ya ba jami'a izinin rarraba maƙalunsa tun kafin ya sa hannu da kowace mujalla. Izinin bai hana shi bugawa inda yake so ba, sai dai ya hana haƙƙin ficewa gaba ɗaya daga hannunsa.

Darasin jami'ar Liyej

Jami'o'i da yawa sun kafa rumbu suka roƙi malamai su cika shi, rumbun ya zauna wayam. Jami'ar Liyej ta Beljiyam ta bi wata hanya. A 2007, zamanin shugabancin Farfesa Bernard Rentier, ta wajabta ajiya, sannan ta buɗe rumbunta mai suna ORBi a 2008.

Tsarin ya tsaya a kan ƙafa biyu. Ta farko, an raba ajiya da buɗewa: malami zai ajiye cikakkiyar maƙala nan take, ko da kamfani bai yarda a buɗe ba. Idan akwai hani, sai a kulle rubutun a bar katin bayaninsa a fili, da maɓallin da mai karatu zai danna ya nemi kofi daga marubucin kai tsaye. Ta haka babu wanda zai fake da haƙƙin mallaka ya ƙi ajiyewa. Ta biyu, jami'ar ta sanar cewa idan ana duba batun ƙarin girma ko tallafin bincike, ayyukan da ke cikin ORBi kaɗai za a lissafa. Ba a hukunta kowa ba, amma duk wanda bai ajiye ba shi ya yi wa kansa.

Wannan darasin ya dace da jami'o'inmu, inda malamai ke shan wahalar tattara takardu duk lokacin da za su nemi ƙarin girma. Idan rumbu ne zai riƙa fitar wa malami da jerin ayyukansa a shirye, zai ga amfanin cika shi.

Matakan aiki daga ajiya zuwa fitarwa

Kafin komai sai jami'a ta rubuta manufa wadda majalisarta ta amince da ita: me ake karɓa, wa ke da alhakin ajiyewa, yaushe, kuma wa ke yanke hukunci idan aka samu saɓani. Rumbun da ya dogara da himmar ma'aikaci ɗaya yakan mutu ranar da aka canja masa wurin aiki.

Mataki na farko ajiya. Ga kundi, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kare shi kuma an yi gyare-gyaren da alƙalai suka nema, kafin a ba da takardar shaida. Da zarar ɗalibi ya karɓi shaidarsa ya koma gida, samunsa sai an sha wuya. A nan ne zai cika takardar izini, ya zaɓi ko a buɗe nan take, ko bayan wa'adi, ko a cikin jami'a kawai. Izinin ya zama na rarrabawa kaɗai, wanda bai hana shi mayar da kundin littafi daga baya ba.

Mataki na biyu tantancewa. A DSpace ana iya tsara har hawa uku: mai karɓa ko mayarwa, mai gyaran katin bayani, da mai dubawar ƙarshe. A HAL ma akwai ma'aikatan da ke duba fayil kafin ya fito. Ba ingancin ilimin suke aunawa ba, wannan aikin alƙalai ne. Suna duba ko fayil yana buɗuwa, ko cikakke ne, ko sigar da aka halatta ce, ko sunaye sun dace. Ya kamata a sa wa wannan mataki wa'adi, domin malamin da ya ajiye aiki ya yi wata uku bai ga ya fito ba da wuya ya sake ajiye wani.

Mataki na uku katin bayani: take, marubuta, shekara, sashe, harshe, taƙaitawa da muhimman kalmomi. Ta wannan kati ne injuna irin su Google Scholar da BASE da CORE ke gano aikin. Mu da muke zaune tsakanin Faransanci da Ingilishi da Larabci muna da matsala ta musamman a nan. Mutum ɗaya sai a rubuta shi Ousmane a wannan mujalla, Usman a waccan, ko Mahamadou a nan, Muhammadu a can, injin ya ɗauka mutum biyu ne. Maganinsa lambar ORCID, mai alamomi 16, da aka fara bayarwa a 2012. Kyauta ce, kuma tana bin mai ita duk inda ya koma aiki. Haka nan take mai haruffa masu ƙugiya, wato ƙ da ɗ da ɓ, a rubuta shi da tsarin Unicode, in ba haka ba sai ya fito da akwatuna maimakon haruffa.

Mataki na huɗu fitarwa. Ana ba aikin lamba ta dindindin, Handle ko DOI, don adireshinsa ya ci gaba da aiki ko da jami'a ta sauya shafi. Idan akwai wa'adin kulle, manhajar za ta buɗe da kanta ranar da ya cika.

Mataki na biyar adanawa. Ana fi son fayil na PDF/A, wanda aka tsara don daɗewa. Kofi ɗaya a kwamfuta ɗaya a ofishin da wuta ke ɗaukewa kullum ba ajiya ba ce, dole a samu wani kofi a wani gari. HAL tana aika nata zuwa cibiyar CINES da ke Monpeliye. Jami'ar da ba ta da ƙarfi tana iya haɗa gwiwa da wasu, kuma ƙungiyar WACREN mai hedikwata a Akara tana da shirin LIBSENSE da ke tallafa wa laburaren yankin a kan wannan. Mai binciken da jami'arsa ba ta da rumbu yana iya amfani da Zenodo, wanda cibiyar CERN ta buɗe a 2013.

Kayan wasu a cikin kundi

Doka ta yarda a ciro gajeren zance daga aikin wani don hujja ko sharhi, muddin an ambaci mai shi da inda aka samo. Hoto da taswira da zane da cikakkiyar waƙa kuwa galibi sai da izini. Abin da ya wuce ba a lura ba a kofi huɗu na takarda yana iya jawo ƙara idan ya shiga intanet. Jami'o'in Faransa sukan karɓi siga biyu: cikakkiya don ajiya, da wadda aka cire kayan da ba a samu izininsu ba don bazawa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kundaye da yawa a kan Hausawan zango da unguwanninmu suna ɗauke da waƙoƙin makaɗa, da hotunan rubuce-rubucen ajami na gidajen malamai, da hirarraki da dattawa. Tsohon da ya buɗe wa ɗalibi adakarsa ya yarda ne a karanta a rubuta jarrabawa, mai yiwuwa bai san duniya za ta gani ba. Dokar Nijar ta 2010 ta haɗa har da kare kayan al'adun gargajiya. Mai bincike ya nemi izini tun a fage, a harshen da mutumin ke ji, ya bayyana masa cewa aikin zai shiga intanet.

Akwai kuma kundayen da ya kamata a kulle. Na likitanci masu bayanan marasa lafiya, da na zamantakewa da suka ambaci sunayen mutane a wuraren da ake fama da rashin tsaro, sai an sakaya sunaye. Kundin da ya gano wani sabon abu da za a nemi shaidar ƙirƙira a kansa a OAPI, bayyana shi kafin a shigar da takardu yana iya ɓata neman.

Tsofaffin kundayen takarda ma suna da hukuncinsu. Ɗaukar hoton shafukansu bai mayar da haƙƙin ga jami'a ba. Ana iya ɗauka don ceto su daga lalacewa, a fitar da katin bayaninsu, a bar cikakken rubutun a kulle har a samu marubucin ko magadansa.

Lasisin Creative Commons

Buɗe aiki don a karanta daban, ba da izinin a sake amfani da shi daban. Lasisin Creative Commons, da aka fara fitarwa a Disamban 2002, su ne ke gaya wa mai karatu iyakarsa. Alamar BY tana nufin a ambaci marubuci, NC ban da kasuwanci, ND ban da sauyawa, SA kuma duk wanda ya gina sabon aiki a kai ya sake shi da irin lasisin. Daga haɗa su ake samun manyan lasisi shida.

Abu biyu ya kamata marubuci ya sani. Lasisin ba ya janyuwa ga wanda ya riga ya samu aikin a ƙarƙashinsa. Sannan ND tana hana rarraba fassara. Wanda ke son a iya mayar da bincikensa Hausa ko Fulatanci ko Larabci don mutanen da aka yi binciken a kansu, kada ya zaɓe ta. Kuma wanda ya riga ya miƙa haƙƙinsa ga kamfani ba shi da ikon liƙa wa maƙalar lasisi.

Tsoron sata, da batun ƙorafi

Ɗalibai da yawa suna ƙin ba da izini don gudun kada a sace musu aiki. Amma kundin da ke kwance a kabad shi ya fi sauƙin sata, tunda manhajojin gano kwafe ba su san da shi ba. Wanda ke rumbu yana ɗauke da suna da kwanan wata, kuma su ne shaidar wanda ya riga wani.

Duk da haka kuskure kan auku, don haka rumbu ya kamata ya bayyana inda za a kai ƙorafi. Idan wani ya ce an taka masa haƙƙi, a kulle fayil ɗin nan take, a bincika, sannan a yanke hukunci. Ko an cire rubutun ana barin katin bayaninsa, domin wataƙila wasu sun riga sun kafa hujja da shi. A HAL ƙa'idar ita ce ba a janye abin da aka ajiye, sai dai a ɗora sabuwar siga a kan tsohuwa.

Ga ɗalibin da ke shirin kare kundinsa bana, tambayoyin da zai yi wa sashensa kaɗan ne: shin jami'a tana da rumbu, wace takarda zan sa wa hannu, kuma zan iya zaɓar wa'adi? Ya kuma nemi a bar shi ya ƙara taƙaitawa da Hausa kusa da ta Faransanci, don iyayen da suka biya kuɗin karatun su ma su san abin da ya gano.